Jan Zare a Jikin Wardi

"Mama, shi ma Kaka in ya gama bushewa, yanke masa kai za ki yi?"

Almakashin ya tsaya cak a hannun uwar. Ta waiga wajen baranda. Surukinta yana nan cikin kekensa na marasa lafiya, bargo a kan gwiwa, ɓarin bakinsa na dama a saɓule kamar aljihun da ɗinkinsa ya warware. Ya ji sarai. Ciwon da ya shanye masa rabin jiki ya tafi da maganarsa, amma bai taɓa kunnensa ba.

"Tsigi! Wace irin magana ce wannan da sassafe?"

"Ai ke kika ce duk wanda ya bushe a cire shi."

Sai ga dariya daga ƙofar kicin. Gwaggo ce, yayar mijinta, wadda ta zo jinya a makon nan da manyan akwatuna da turaren da ke riga ta shiga ɗaki. Ta jingina da bango tana juya cokali a kofin shayi.

"Bar ta ta yi tambayarta, matar ƙanena, ai bakin yaro ba shi da linzami. Baba, ka ji amaryar taka? Tun ba a je ko'ina ba ta gaji da tsohon miji."

Tsohon ya lumshe idonsa na hagu, kafaɗarsa ta ɗan girgiza. Dariyarsa ke nan yanzu. Ya miƙa hannunsa mai lafiya, yarinyar ta ruga ta cusa kanta a ƙarƙashinsa, ya ja mata kunne a hankali. Shi ya raɗa mata Tsigi, don tun tana rarrafe ba ta iya zama wuri ɗaya. Tun da aka dawo da shi daga asibiti kuwa, ita kaɗai yake yarda ta goge masa baki.

Uwar ta yafito ta, ta durƙusa da ita a gaban itacen wardin da take gyarawa.

"Saurara da kyau. Ba a yanke mutane. Fure ake yankewa, shi ma da dalili. Kin ga wannan da ya yi baƙi? In aka bar shi, itacen zai ɗauka aikinsa ya ƙare, sai ya tattara ƙarfinsa wajen yin 'ya'ya, ya daina fure. In aka cire, sai ya duba ya ga babu 'ya'ya, ya sake toho."

"Wato wayo ake masa?"

"Wayo ake masa. Kuma in ruwa ya sauka a kan busasshen, ruɓewa yake yi ya jawo wa sauran cuta."

Ta kama ɗan yatsan yarinyar ta bi da shi ƙasa a jikin reshen, tana kauce wa ƙaya. Ganyen farko mai kunne uku ne, a wuce shi. Na gaba mai kunne biyar, yana kallon waje. Nan ne. Sama da shi kaɗan, a karkace, don kada ruwa ya kwanta a bakin yankan. Ta ɗora hannunta a kan na yarinyar suka matsa tare. Kan furen ya faɗa cikin bokiti. Tsigi ta yi tsalle, ta juya ta nuna wa Kaka almakashin kamar wadda ta ci kofi.

"Waɗancan fa?" Ta nuna katanga.

"Wancan na Kaka ne, ba ma zuwa can. Je ki wanke hannu, zan makara."

Itacen katanga jan wardi ne, kuma shi ya fi kowanne muni a lambun. A jikinsa akwai 'yan kawuna da babu ko ɓurɓushin fure a kansu, sun yi baƙi, a gindin kowanne ɗan koren ƙwallo yana kumbura, an ɗaure masa jan zare. Uwar ta san tarihin kowanne, don ita ta riƙe faranti ranar da aka yi aikin. Marigayiya matar tsohon tana da wani farin wardi mai ƙamshin da ake ji tun daga bakin titi. Bana ya fara mutuwa daga saiwa. Da ya yi furensa na ƙarshe, tsohon ya bi shi da ɗan burushin fenti yana karkaɗe rawayar ƙurar cikinsa a farantin shayi. Ya je wajen jan, ya fige furannin da ba su kai ga buɗewa ba, ya shafa musu ƙurar, ya ɗaure kowanne da zaren da ya zaro daga tsohuwar rigar sanyin matarsa.

"Waɗannan ba a taɓa su, 'yata," ya ce mata a ranar. "Sai sun nuna, a fasa, a shuka. Ko ɗaya ne ya fito da ƙamshin tsohuwa, na gode Allah."

Ba a jima ba ya faɗi a banɗaki. Yana kwance a asibiti farin itacen ya ƙarasa mutuwa. Yanzu kowace yamma sai an tura kekensa zuwa hanyar tsakuwa, ya bi jajayen zaren da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yarda ya buɗe baki a ba shi abinci. Duk wannan uwar ba ta taɓa gaya wa Tsigi ba. Tana ganin yarinya 'yar shekara shida me za ta gane a zancen ƙurar fure? "Ba ma zuwa can" ya isa.

Makaranta na hutu, ga karɓar maganin tsohon ya kama yau. Ta hau kujera ta tura almakashin can ƙuryar saman kabad. Da ta sauko sai ta ga Gwaggo tana kallonta.

"Yaya, don Allah ki sa mini ido a kanta. Kada ta fita lambu ita kaɗai, ƙaya ta yi yawa."

"Je ki abinki. Ko kina tsoron in cinye ta ne?"

A asibiti layin karɓar magani ya kai har bakin matakala. Tana tsaye da katin tsohon a hannu likitar da ke koya masa magana ta zo wucewa, ta gane ta, ta tsaya.

"Yaya mutumina? Har yanzu shiru?"

"Shiru, likita. Sai dai gurnani. Amma 'yata kullum tana zama gabansa tana ce masa, ka ce A, ka ce amarya. Har leɓensa yakan motsa."

"Madalla. Kalma ɗaya muke nema. In ɗaya ta ɓalle, sau da yawa sauran sukan biyo ta. Me ya fi so a duniya?"

"Ita yarinyar, sai furanninsa."

"To ku haɗa masa su kullum. Sun fi abin da ke cikin ledar nan taki aiki."

A cikin bas ta samu gefen kujera kusa da wata mata mai kwandon kaya a cinya. Mijinta ya kira daga hanya, ƙarar babbar motarsa na cinye rabin maganar. Ta ce masa hankalinta bai kwanta da yadda Yaya ke kallon lambun ba, jiya ma ta ji tana cewa gidan ya zama daji. Ya yi dariya.

"Haka take tun muna yara, bakinta ne kawai. Ki yi haƙuri da ita, baƙuwa ce, kwana nawa za ta yi?"

Tun daga ƙofar gida ta gani. Itacen katanga ya yi fes, kore shar, kamar wanda ya fito daga shagon aski. Babu baƙin kai ko ɗaya. Babu ja. Ledar maganin ta suɓuce daga hannunta.

Gwaggo na zaune a baranda, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana shafa wa farcenta jan fenti. Almakashin yana ajiye a kan tebur kusa da kwalbar.

"Yaya, me ya sami itacen katanga?"

"Gyara aka yi masa. Bai yi kyau ba?"

"Kin san abin da zaren nan yake nufi."

"A gidan nan aka haife ni, matar ƙanena. Na san zare tun ke ba ki san hanyar makaranta ba." Ta ɗaga yatsunta tana hura musu iska. "Amma dube ni. Kin ga alamar ƙaya a hannun nan? Ni ko ganye ban taɓa ba. 'Yarki ce ta dame ni tana so ta taimaki angonta. Na ce mata zaren alama ce ya sa, su yake so a fara cirewa. Wallahi kin iya koyarwa. Da ƙirgen ganye, da karkata almakashi, ba ta bar komai ba."

"Shi yana ina?"

"Barci. Ita ma ta gaji ta kwanta. Ma'aikaciya ke nan."

Uwar ta dafa ginshiƙin barandar. Muryarta ta fito can ƙasa, don kada ta tashi kowa.

"Me bawan Allahn nan ya yi miki?"

Gwaggo ta rufe kwalbar a hankali. Ta ɗage gefen rigarta ta juyo da sha-raɓarta. A jikin fatar akwai ƙananan tabo farare, birjik, kamar an watsa gishiri.

"Ina kamar shekarun 'yarki. Fure ɗaya na tsinka na soke a gashina, don in yi kyau in ya dawo daga aiki. Da reshen ya zane ni, ko ƙayar bai cire ba. Uwarmu tana tsaye daidai inda kike tsaye, ta ce in yi haƙuri, Baba ya gaji ne."

"To ita Tsigi me ta yi miki?"

"Ita? Ba komai. 'Yar ƙanena ce, ina sonta." Ta sake rigar. "Kowa sai ce mini yake Baba ya canza, tsufa ya sanyaya shi, ga shi har da jika a cinya. To mu gani mana."

Babu lokacin faɗa. Rana ta fara karkata, tsohon kuma ba ya wuce lokacin fitarsa. Uwar ta ruga wajen bokiti ta zube shi a ƙasa. Ga 'yan ƙwallayen nan cikin busassun furanni, koraye, da tauri kamar tsakuwa. Ta danna ɗaya da farce. Ɗanye shataf. Ko an shuka babu abin da zai fito. Babu zare a jikin ko ɗaya, amma ba ta tsaya tunanin inda ya shiga ba. Ta tsince su ta cusa a aljihun rigarta.

Ta leƙa ɗaki. Tsigi na kwance rub da ciki, damatsanta duk ƙarce, hannu ɗaya a dunƙule ƙarƙashin matashi. Uwar ta kai hannu za ta tashe ta ta ja mata kunne, sai ta fasa. Mai barci ba ya tona asiri. Ta ja ƙofar, ta ɗauko gwangwanin ɗinkinta.

Itacen katanga yana da 'yan furanni masu kyau da suka buɗe a makon. Ta shiga cikin ƙayar da hannu tsirara ta fige su ɗaya bayan ɗaya, jajayen kunnuwan furen suna zuba a kan takalminta, har sai da kowanne ya koma ɗan kai tsirara. Ta ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa ta shafa musu su yi duhu. Ta ciza zare da haƙori ta ɗaure. Nata ya fi na tsohuwa haske, ta murza shi da yatsunta masu laka. Daga kusa ko makaho ba zai ruɗu ba. Amma idon tsohon na dama ya mutu, na hagun ma sai da tabarau, ita kuma ke riƙe da keken. Ta share kunnuwan furen da ƙafa zuwa bayan itacen.

Gwaggo na kallonta daga baranda, haɓa a tafin hannu.

"Sannu da aiki. Ashe ke ma kin iya wayon da ake wa itace."

Ta wanke hannu, ta tashi surukinta, ta gyara masa riga, ta turo shi. A farkon hanyar tsakuwa ta taka birki. Ya yi gurnani, ya nuna gaba da haɓa.

"Na yi ban ruwa ɗazu, Baba, ƙasar ta yi laushi. Taya za ta nutse. Gobe ma matsa."

Ya dube ta, ya mai da ido kan katanga. Ta ga kansa yana motsi kaɗan-kaɗan, daga ja zuwa ja, kamar kullum. Kafaɗarsa ta sauka. Ya saki dogon numfashi, ya gyara hannunsa a kan bargo. Wayon ya ci. Gobe za ta san abin yi. Za ta zaunar da yarinyar, za ta kira mijinta, za ta nemo wata dabarar.

Sai ta ji muryar Gwaggo daga cikin gida, mai daɗi kamar ta mai rarrashi.

"Tashi, amarya, angonki ya fito. Maza kai masa ajiyarsa."

"Tsigi, tsaya nan!" in ji uwar. Amma yarinyar ta riga ta sauko matakala a guje, gashi a cukurkuɗe, shatin matashi a kumatu. Ta zagaye uwar ta tsaya gaban keken, ta buɗe dunƙulen hannunta dab da tabaransa.

Zaren tsohuwa ne, wanda rana ta ci launinsa. Ko ɗaya ba a yanke ba. An kwance kowane ƙulli, an miƙe shi, an naɗe su tare.

"Kaka, duba! Na gama maka aikinka duka. Ban yanke zaren ba, kwancewa na yi da haƙori, don na san na rigar Kaka mace ne. Ban yar da ko ɗaya ba."

Tsohon ya dubi tafin hannun ya daɗe. Ya ɗaga kai ya dubi katanga. Sannan ya juyo da idonsa ɗaya kan surukarsa, ya sauke shi a kan aljihunta da ya yi tudu.

"Baba, ba laifinta ba ne. Gaya mata aka yi. Ni ce ban..."

Leɓensa ya fara rawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Tsigi ta ga abin da take jira tun da aka dawo da shi, ta dafa gwiwarsa, idonta ya yi haske.

"Mama, zai faɗa! Ka ce A, Kaka. A, mar, ya."

"Fi," in ji tsohon. Yawu ya zubo masa. Ya ja numfashi ya sake. "Fita."

Ta fito tas, babu gargada, da tsohuwar muryarsa.

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka wasan da suka saba ne. Ta sunkuya ta cusa kanta ƙarƙashin hannunsa mai lafiya tana jiran ya ja kunne. Ya sa bayan hannun ya ture ta. Ba da ƙarfi sosai ba, ƙarfin da ya rage masa ke nan, amma ya isa ya zaunar da ita a kan tsakuwa. Zaren ya watse.

"Fita."

"Ikon Allah!" Gwaggo ta tafa hannu daga baranda. "Baba ya yi magana! Matar ƙanena, me kike jira? Kira likitar ki yi mata albishir!"

Muryarta na rawa. Ko murna ce ko kuka, uwar ba ta juya ta duba ba. Ta saki keken a inda yake, ta sunkuci 'yarta ta wuce ta gaban Gwaggo, ta shiga banɗaki ta murza makulli.

Ta zaunar da ita a bakin baho, ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi tana bin ƙarcen. Wasu sun yi zurfi, akwai ma guntun ƙaya a gindin babban yatsa. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ko da aka zare ƙayar. Tana kallon bango ne kawai, tana motsa leɓe kamar mai lissafi.

"Mama."

"Na'am, uwata."

"Ko ban ƙirga ganyen daidai ba ne?"

Uwar ta sa hannu a aljihu ta zaro ɗaya. Ta juya shi a hasken taga. Yankan a karkace yake, sumul, babu tauna, babu tsaga. Ita kanta ba za ta fi haka ba.

"Daidai kika ƙirga."

"To me ya sa?"

Sai a lokacin ta gaya mata. Farin itacen, da burushin fenti, da farantin shayi, da abin da ke cikin ɗan koren ƙwallon. Duka bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a sha kofin shayi ba. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, kuma ta gane kowace kalma. Ta karɓi ƙwallon ta riƙe da hannu biyu.

"In na mayar masa da gam fa?"

Daga waje suka ji Gwaggo ta je tura keken, suka ji abin da ya ce mata ita ma.

Sauran kalmomin ba su biyo ba. Wannan kalmar kaɗai ce ta zauna masa, da ita yake karɓar mai kawo abinci, da likita, da ɗansa ranar da ya dawo daga hanya. Gwaggo ta haɗa akwatunanta a ƙarshen mako, ta sumbaci Tsigi a goshi ta tafi. Tsigi ta daina bi ta baranda, ta ƙofar baya take fita. Itacen katanga kuwa, da ya duba ya ga babu 'ya'ya, sai ya yi abin da aka ce zai yi. Kafin wata ya zagayo ya rufe katangar da ja, furen da bai taɓa yin irinsa ba, har masu wucewa suna tsayawa su ɗauki hoto. Ba shi da ƙamshi ko kaɗan.

Ke mai ƙaramin yaro a gida, ki cire busasshen fure, yana da amfani, itacenki zai gode miki. Amma ranar da kika nuna wa ɗanki inda ake yanka, a ranar ki nuna masa inda ba a yanka, ki gaya masa dalili, ko da bas zai tafi ya bar ki. Kada ki dogara da saman kabad. A kowane gida akwai mai tsawon da zai sauko masa da almakashin.